Advisor da Enforcer: fistol ɗin da aka ciro daga jikin M1 Carbine, ta cancanci kuɗinta kuwa?

Duk wanda ya ga wannan bindigar a karon farko sai ya tsaya ya sake kallonta, dan gaba ɗayanta bindigar sojan Amurka ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu da aka guntule gaba aka guntule baya, aka bar tsakiyar da mariƙi guda ɗaya, shikenan aka ce gata nan fistol ce. Wadda na fi sani kuma na fi harbawa a filin koyon harbi itace Advisor ta kamfanin Inland Manufacturing dake Dayton a jihar Ohio, amma ba zai yiwu ayi maganarta a tsallake yayyenta ba, wato Enforcer ta Universal da ta Plainfield da ta Iver Johnson, tunda su suka fara wannan salon tun tuni kuma har yanzu ana cin karo dasu a shagunan tsofaffin bindigogi. Hukuncina tun daga farko, injinta mai kyau ne kuma yana aiki in ka bashi abinda yake so, amma abinda ya sa sojoji suka ƙaunaci uwarta shine daidai abinda aka yanke aka yar.

Ita M1 Carbine ɗin, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a watan Oktoba 1941, Winchester ne suka tsara ta. Dalilin yinta shine akwai tarin sojoji da ba sune a layin gaba ba, direbobi, masu igwa, masu rediyo, masu girki, ofisoshi, waɗannan babbar bindigar soja M1 Garand ta yi musu nauyi da tsawo, ita kuma fistol M1911 da ake basu yawancinsu basa iya samun komai da ita in an wuce taku kaɗan. Sai aka ce a nemo abu tsaka-tsaki, mara nauyi amma mai kota da za'a dafa a kafaɗa. Aka fito da bindiga mai nauyin kilo 2.4 kacal, bututu inci 18, magazin mai cin harsashi 15. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera sama da miliyan 6, kuma abin dariyar shine yawancin kamfanonin da suka yi ta ba masu bindiga bane, akwai Underwood masu tafireta, IBM, Rock-Ola masu akwatin kiɗa da ake jefa kwabo, National Postal Meter, Saginaw masu sitiyarin mota, sai Inland wanda a lokacin reshe ne na General Motors kuma shi yafi kowa ƙerawa. Toh kaga, an ƙirƙiro ta ne dan ta magance matsalar fistol, yanzu kuma gashi an sake maida ita fistol, nan duk wahalar take.

Inland na yanzu sabon kamfani ne, suna kawai ya ɗauka da gari, ba General Motors bane, gara a san da wannan. Sunan Advisor kuma daga Biyetnam ya samo asali, inda sojojin Amurka masu baiwa dakarun kudancin ƙasar shawara da wasu 'yan sintiri suke guntule karbin ɗinsu dan su samu sauƙin ratsa daji da shiga mota da jirgi.

Yanda take a hannu. Bututunta inci 12 ne, bakin yana da zare da aka ɗaura wani ƙarfe mai siffar mazurari dan rage walƙiya, jikin katako ne mai kyau mai duhu, mariƙin irin na M1A1 ne, waccan ta 'yan lema mai kota mai naɗewa, sai dai nan babu kotar kwata kwata. Nauyinta wajen kilo 2. Ka kwatanta da M1911 dake kilo 1.1, ko Glock 17 da bata kai ko kilo ɗaya ba. Ba abinda zaka soke a ƙugu bane, ba kuma abinda zaka miƙe da hannu ɗaya ka daɗe ba, in ka gwada minti biyu tsintsiyar hannunka zata fara rawa tunda duk nauyin gaba ya tafi. Dole hannu biyu, ɗaya a mariƙi ɗaya a ƙarƙashin katakon gaba, kuma a nan sai ka kula sosai dan tazarar dake tsakanin yatsunka da bakin bindigar ba wata mai yawa bace, musamman a tsofaffin Enforcer da bututunsu yafi wannan gajarta, wasu inci 9 da rabi ne ma.

Ja ɗaya harsashi ɗaya take, ita ke fitar da kwanso ta ɗana kanta, babu ɓarin wuta irin na M2, wato samfurin karbin mai sarrafa kansa. Yanda injin yake aiki shine abinda yafi burge ni a duk bindigar. A ƙarƙashin bututu akwai ɗan ƙaramin fistin, in harsashi ya wuce sai hayaƙin albarushi ya bi ta wani ɗan rami ya daki fistin ɗin, shi kuma baya tafiya da nisa, ɗan motsi kaɗan yake yi ya mangari ƙarfen da ake ja a gefen dama, wannan ƙarfen ya tafi baya da ƙarfin dukan, ya murɗa sakatar dake kulle harsashi a gindin bututu ya zare ta, kwanso ya fita, sifirin ya dawo da komai gaba da sabon harsashi. David Marshall Williams ne aka sani da wannan dabarar ta fistin mai gajeriyar tafiya, mutumin da ya fara tunanin ƙere-ƙerensa yana gidan yari a North Carolina. Abinda ya shafi maganarmu shine ramin hayaƙin yana kusa da gindin bututu ne ba can wajen baki ba, dan haka in an rage tsawon bututu daga inci 18 zuwa 12 ba a taɓa injin ba, har yanzu akwai isasshiyar tafiya bayan ramin da zata bada matsin da ake buƙata. Wasu bindigogin soja in aka gajarta su sai an sake lissafin hayaƙi daga farko ko su dinga cijewa ko su dinga dukan kansu, ita wannan tayi sa'a da tsarinta. Shi yasa nake cewa gajartar ba itace ke kawo cijewa ba, in ta cije a nemi laifin a wani waje.

Kuma wajen da laifin yake, kusan kullum, magazin ne.

Magazin ɗin M1 Carbine da siririn ƙarfe aka yi shi, tun asali sojoji basu ɗauke shi abin ajiyewa shekara da shekaru ba, leɓɓansa na sama da ke riƙe harsashi suna saurin lanƙwasa, faɗuwa ɗaya akan siminti ta isa. Leɓe ya ɗan buɗe, harsashi ya taso da wuri ya tsaya a tsaye. Leɓe ya ɗan matse, sakata ta bi ta kansa ta wuce ta rufe babu komai a ciki, ka ja kunama kaji ƙyas. Ni dai duk cijewar da na gani da idona daga wasu magazin ne masu arha marasa ko tambari da na siya a wajen baje kolin bindigogi, na cire su na saka mai 15 mai kyau bindigar ta cigaba da tafiya kamar ba ita ba. Mai 30 ɗin nan mai lanƙwasa da kowa yake so dan yafi kyau a hoto, shi yafi fitina. An fito dashi ne saboda M2 wajen ƙarshen yaƙi, yafi nauyi in an cika shi, dan haka sai da aka canza maƙalin magazin aka ƙara masa ɗan haƙori a gefe da zai tallafe shi. In bindigarka tana da tsohon maƙali ka saka mai 30, zai ɗan sauko ƙasa yana lilo, kuma wannan ɗan saukowar ta isa ta hana harsashi hawa daidai. Akwai kuma wani hali nasa, in harsashi ya ƙare yana tare sakata a buɗe, da ka zare shi sai ta rufe da kanta, wanda bai sani ba sai ya zata lalacewa ce. Mai 15 na asali baya tarewa, sakata rufewa take akan wayam, sai dai ka dinga ƙirga ko kaji ƙyas. Shawarata kawai ka tsaya akan mai 15, ka sa musu lamba da fenti, duk wanda ya baka matsala sau biyu ka ware shi gefe.

Sai harsashi. .30 Carbine ne, 7.62x33 a lissafin milimita, nauyin kan harsashin giren 110 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), daga bututu inci 18 yana fita da gudun ƙafa 1,990 a daƙiƙa, wajen mita 600 kenan. Daga inci 12 gudun yana raguwa amma har yanzu ya tsere wa harsashin fistol 9mm nesa ba kusa ba, tunda shi 9mm bai cika wuce mita 350 zuwa 380 ba. Wanda tafi so shine mai dunƙulen kai mai rigar jan ƙarfe irin na soja, dashi aka tsara ta. Masu taushin kai da masu rami a kai na farauta, wata bindigar ta haɗiye su lafiya wata kuma su dinga tuntuɓe a bakin shiga, sai ka gwada taka ka gani kafin ka dogara dasu. Masu kwanson ƙarfe da ake siyarwa da arha suna tashi, amma suna wahalar da ƙugiyar dake fizgo kwanso, kuma ƙugiyar nan ƙarama ce, tana cikin abubuwan da suka fi karyewa a wannan bindigar, canza ta ma sai da wani ɗan kayan aiki na musamman ko kuma haƙuri mai yawa dan sifirin ɗin ciki ƙanana ne suna tsalle su ɓace. Wani abu kuma, harsashin .30 Carbine da Amurka tayi tun lokacin yaƙi bashi da gishirin nan mai cin ƙarfe, da gangan aka yi haka dan ba a tsara soja ya dinga kwance fistin yana wankewa ba, notin fistin ɗin ma danne shi aka yi kar ya warware. Amma akwai tsofaffin harsasan wasu ƙasashe masu gishirin, in ka harba su baka wanke ba fistin ya yi tsatsa ya kafe, bindigarka ta koma sai ka ja da hannu duk harbi ɗaya. Harsashin da baka san asalinsa ba, barshi kawai.

Giris take so ba ruwan mai kaɗai ba, a hanyar da ƙarfen ja yake zamewa, da kunnuwan sakata, da ramin da ke murɗa ta. Fistin kuwa a barshi a bushe. Sabuwa fil daga kwali tana iya ɗan yin tauri kafin ƙarafan su saba da juna, wannan ba abin tada hankali bane. Masu kawo labarin yaƙin Koriya, cewa karbin ta dinga cijewa a sanyin yankin Chosin a ƙarshen 1950, gaskiya ne an yi ƙorafi sosai musamman akan M2, amma sanyi ne da yake daskarar da mai a jikin ƙarfe, ga sifirin da suka gaji tun yaƙin baya, ba yanayin da kai zaka shiga da ita bane.

Yanzu in tsohuwar Enforcer ce ka gani a shago kana tunanin siya, nan ne sai an buɗe ido, dan ba duka suke ɗaya ba. Universal Firearms na Hialeah a Florida da farko da kayan soja da suka rage suke haɗa nasu, waɗannan ba laifi. Wajen ƙarshen shekarun 1960 sai suka sake tsarin, suka saka sifirin biyu maimakon ɗaya, suka canza ƙarfen ja ya zama mai buɗaɗɗen rami da kana hango kunnen sakata ta ciki. Wannan ƙarfen sananne ne a wajen masu tara karbin da tsagewa a daidai ramin, ga kayan gyaransa basa shiga da na soja, in ya karye sai ka sha yawon nema. An kuma daɗe ana gargaɗi akan waɗannan na baya cewa in sun ci jiki a duba ko zasu iya tashi alhali sakata bata gama kullewa ba, wanda shine mafi hatsarin abinda bindiga zata yi maka. Na Plainfield daga New Jersey da na Iver Johnson da ya gaje su sun fi bin tsarin soja, sifirin ɗaya, kuma yawancin kayan soja suna shiga. Iver Johnson ɗin daga baya ya haɗiye Universal ma a 1983. Ko wacce ce dai, bindigar da ta shekara 40 ko 50 kar ka harba sai maƙerin bindiga ya auna ta ya duba sakata da ƙarfen ja. Ita Advisor fa'idarta kenan, sabon ƙarfe ne kuma akan ma'aunin soja aka yi ta, kayan gyara basa wahala.

Toh mu zo kan harbin kansa. Ƙara. Wallahi ban san yanda zan kwatanta maka ƙarar nan ba sai ka tsaya kusa. Albarushin .30 Carbine mai ci a hankali ne, an auna shi ya ƙone cikin inci 18, in ka rage bututu ragowar a waje take ƙonewa, sai kaga ƙwallon wuta a baki ko da rana, da yamma kuwa ba'a magana. Mazurarin nan na gaba yana tura ƙarar da wutar gaba kaɗan amma ba wai ya kashe su bane. Dama harsashin yayi suna da haka, masu Ruger Blackhawk mai cin .30 Carbine da masu AMT Automag III sun daɗe suna faɗa. A filin harbi na cikin gini sai ka toshe kunne ka kuma ɗora abin rufewa a kai, kuma na kusa da kai zasu dinga leƙowa suna harararka. Abin mamaki duk da wannan hayaniyar bata da naushi, nauyinta yana shanye shi, ɗan tsalle kawai take yi, .357 Magnum a ƙaramar fistol tafi ta cin hannu nesa.

Saitin na karbin ne sak, ɗan rami a baya da kake leƙawa, tsinke a gaba tsakanin kunnuwa biyu. Wannan ramin an yi shi ne dan ido ya matso kusa dashi, kunci a kan kota. Babu kota, ka miƙe hannu kamar fistol sai ramin ya koma ɗan ɗigo can nesa baka ganin komai ta ciki, ka matso da ita kusa da fuska kuma sai ka tuna ƙarfen ja yana dawowa baya da gudu kuma babu abinda ke tokare ta a jikinka. Haka zaka yi ta neman tsakiya. Dabarar da tafi yi min itace a saka maɗauri a rataya a wuya a tura bindigar gaba har ya ɗame, sai ya zama kamar kota ta juye, da haka a mita 25 zaka tara harsasai waje ɗaya ba laifi, a mita 50 sai da jingina akan tebur ko buhun yashi. In ka jingina zaka gane bututun bashi da matsala, yana kai harsashi inda aka nuna, riƙon ne matsalar. Cikakkiyar karbin mai kota, ko sabon shiga ka bawa zai samu faranti a mita 100 a ranar farko, da wannan kuwa gwani ma sai yayi gumi. Kunamar tana da ɗan nauyi irin na soja, a karbin baka damuwa da hakan, a nan kuwa duk nauyin ja yana karkatar da bakin.

Sefti ɗin, wato abin kulle kunama, yana gaban kunama kusa da maɓallin sakin magazin. Na farko farko na dannawa ne, sojoji suka dinga kuskure suna danna na magazin ya faɗo ƙasa a tsakiyar faɗa, shi yasa aka maida shi na murɗawa. In ka samu mai na dannawa sai ka saba da yatsanka tun kafin ka je fili.

Wani zai ce to ai sai in siya in ɗaura mata kota. A Amurka ba haka ake yi ba. Dokar bindigogi ta NFA ta 1934, da gyaran da aka yi mata daga baya, ta ware bindiga mai kota da bututunta bai kai inci 16 ba a matsayin wani aji daban da sai anyi rajista da hukumar ATF mai kula da bindigogi kafin a mallaka ko a haɗa, yin hakan babu takarda babban laifi ne na tarayya da ake ɗauri akai. Haka in ka ɗauko karbin ka guntule da kanka. Ita Advisor ta tsira ne dan tun daga masana'anta a fistol aka haife ta bata taɓa ɗaukar kota ba, kuma a matsayin fistol dila mai lasisi bazai siyar maka ba sai ka kai shekara 21. Jihohi ma kowacce da nata, wasu sun hana magazin da ya wuce harsashi 10, wasu kamar California da New York fistol mai magazin a gaban mariƙi da zare a baki tana faɗawa cikin waɗanda suka haramta. Ka duba dokar inda kake kafin ka biya.

Kuɗinta ya haura dala 1,000, harsashinta kuma yafi 9mm tsada sosai kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Da wannan kuɗin zaka sayi cikakkiyar M1 Carbine sabuwa mai kota wadda tafi ta komai banda gajarta, ko fistol ta zamani mai kyau da harsasai masu yawa har da canji. Dan tsaron gida ni bazan zaɓe ta ba, harbi ɗaya a ɗaki cikin duhu babu abin kunne ka kurmance ka makance na ɗan lokaci, ga wahalar saiti. Dan ɗauka a jiki tayi girma. Dan farauta saitin bai isa ba. Wanda zata yiwa daɗi shine mai son tarihin karbin da yake da babbar a gida yana son ƙanwar ta zauna gefenta, ko mai son zuwa fili ranar Asabar yayi wuta da hayaniya mutane su zo suna tambaya menene wannan, kuma gaskiya a wannan fannin ban ga wadda ta kamo ta ba, nima shi yasa har yanzu ban rabu da ita ba. In zan bata maki, injin 8 cikin 10 da magazin mai kyau, amfani kuwa 4, shima dan katakon yayi kyau ne.